Al'adar Aiki da Alƙaluma a Kamfani: Darasi Daga Tarihin Ford



Gabatarwa

Maganar da aka ɗora mini in yi a yau ta shafi yadda kamfani zai gina wa ma'aikatansa al'adar yanke shawara bisa hujjar alƙaluma, maimakon bisa zato ko son ran shugaba. A zamanin nan tara alƙaluma ba abu ne mai wuya ba. Kwamfuta tana ƙirga kayan da suka shiga sito da waɗanda suka fita, wayar hannu tana rubuta kowace naira da aka tura, har mai ƙaramin kanti yana iya duba cinikinsa na wata guda a tafin hannunsa. Amma duk da wannan yalwa, sai mu ga manyan kamfanoni suna durƙushewa alhali kuwa ofisoshinsu cike suke da rahotanni. A nan ne gizo yake saƙa, kuma a nan ne nake so mu tsaya.

Da yake nazarin harshe ne aikina, bari mu fara da kalmomin kansu. Kalmar alƙalami aro ce daga Larabci, kuma asalin ma'anarta abin rubutu. Jam'inta, watau alƙaluma, shi ne Bahaushen yau ya faɗaɗa wa ma'ana har ya zama yana nufin adadin da aka ƙirga aka rubuta. Wannan ya nuna mana cewa bayan kowane adadi akwai hannun da ya riƙe alƙalami, kuma mai hannun nan mutum ne, yana da tsoro, yana da buri, yana da iyalin da yake ciyarwa. Ita ma kalmar al'ada daga Larabci ta zo, daga tushen da ke nufin komowa. Ashe ke nan al'ada ita ce abin da ake yi a kuma sake yi, mako bayan mako, har ya zama jiki. Idan muka haɗa waɗannan biyu, za mu ga abin da nake son tabbatarwa: alƙaluman kamfani ba za su taɓa fin gaskiyar da aka yarje wa ma'aikatansa su faɗa ba. Zan kafa hujja da tarihin kamfanin ƙera motoci na Ford da ke ƙasar Amurka, domin kuwa ya daɗe yana fama da wannan batu, kuma an rubuta labarinsa filla-filla.

Ford da gwanayen lissafi

Henry Ford ya kafa kamfaninsa a shekarar 1903. Mutum ne mai basirar ƙira, amma ba ya ƙaunar akawu da masu duba littafin kuɗi. Sa'ad da jikansa Henry Ford na Biyu ya karɓi ragamar kamfanin a 1945, ya tarar da lissafi a hargitse, har marubuta tarihin kamfanin sun ruwaito cewa a wani sashe auna nauyin takardun bashi ake yi a sikeli a kimanta abin da ake bin kamfanin. A 1946 sai ya ɗauki wasu samari 10 waɗanda suka yi aikin ƙididdiga a rundunar sojan sama ta Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Waɗannan samari suka shimfiɗa tsarin lissafi mai tsauri, suka sa aka san kuɗin da kowane ƙarfe yake ci, kamfanin kuwa ya farfaɗo. Ɗaya daga cikinsu, Robert McNamara, ya zama shugaban kamfanin a ƙarshen 1960, sa'an nan a 1961 aka naɗa shi sakataren tsaron Amurka.

To, daga wannan lokaci Ford ya zama gidan lissafi, sashen kuɗi ya fi kowane sashe ƙarfin faɗa a ji. Sai dai wani abu ya biyo baya. Da manajoji suka fahimci cewa ƙarin girma da kora duk a kan adadi suke, sai suka koyi gyara adadin kafin ya isa sama. Shi kansa McNamara ya gamu da irin wannan a yaƙin Biyetnam, inda aka mai da yawan gawarwakin abokan gaba ma'aunin nasara, hafsoshi kuwa suka riƙa aiko da adadin da ya fi gaskiya yawa. Takarda tana nuna ana cin nasara, fagen fama yana nuna akasin haka.

Deming da maganar tsoro

Mutum na biyu da ya kamata mu sani shi ne W. Edwards Deming, masanin ƙididdiga ɗan Amurka, wanda aka haifa a 1900 ya rasu a 1993. A 1950 ƙungiyar masana kimiyya da injiniyoyi ta Japan ta gayyace shi ya koya wa masu masana'antu yadda ake amfani da ƙididdiga wajen kyautata ingancin kaya. Sun karɓi koyarwarsa hannu bibbiyu, har suka kafa lambar yabo da sunansa a 1951, wadda kamfanin Toyota ya ci a 1965. A gida kuwa ba a kula shi sosai ba, sai da motocin Japan suka mamaye kasuwar Amurka. Ford, wanda ya tafka asarar da ta haura dala biliyan 3 tsakanin 1980 da 1982, ya nemi Deming a 1981.

Deming yana da wani gwaji da yakan yi a gaban masu sauraronsa. Yakan kawo akwati cike da ƙananan duwatsun ado, kashi 80 cikin 100 farare, kashi 20 jajaye. Sai ya kira mutane daga cikin taron ya ce su ne ma'aikata, ya ba su wani ɗan allo mai ramuka 50 su riƙa ɗibar duwatsun da shi, ya ce farare kaɗai kamfani yake so. Wannan ya ɗebo jajaye 7, wancan 13, wani 10. Sai Deming ya shiga rigar manaja, ya yabi mai 7, ya yi wa mai 13 barazanar kora. A zagaye na gaba sai ka ga wanda aka yaba shi ne ya fi kowa ɗebo ja. Ma'anar gwajin a fili take: tun da kashi ɗaya cikin biyar na akwatin ja ne, lalle ne a riƙa samun wajen 10 a kowane ɗiba, kuma bambancin da ke tsakanin ma'aikatan sa'a ce kurum. Laifin yana ga akwatin, akwatin kuwa shugabanni ne suka kawo shi.

Daga nan Deming ya fitar da ƙa'idodi 14 na shugabanci, waɗanda ya bayyana a littafinsa na 1986. Ta takwas a cikinsu ta shafi kawar da tsoro daga wurin aiki. Dalilinsa shi ne, duk inda ma'aikaci ya san za a hukunta shi a kan adadin da ba shi da iko a kansa, zai ɓoye jajayen duwatsu a aljihu, ya kawo rahoton da shugaba yake son ji. Ford ya ɗauki wani ɓangare na wannan koyarwa, ingancin motocinsa ya ƙaru, kuma a 1986 ribarsa ta zarce ta General Motors, karo na farko tun shekarun 1920. Amma da shugabannin wancan zamani suka tafi, sai tsohuwar ɗabi'a ta komo gidanta.

Taron ranar Alhamis

A watan Satumba na 2006 aka ɗauko Alan Mulally daga kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing, inda ya shekara 37 yana aiki, aka ba shi shugabancin Ford. Kamfanin yana cikin mawuyacin hali, domin a wannan shekara ya yi asarar fiye da dala biliyan 12, watau dala miliyan dubu goma sha biyu. Mulally bai zo da wata sabuwar na'ura ba. Abin da ya kafa taro ne na mako-mako, kowace safiyar Alhamis, wanda dole ne kowane shugaban sashe ya halarta. Kowa zai gabatar da alƙaluman sashensa da bakinsa, ba wakili, kuma zai shafa wa kowane aiki launi: kore idan yana tafiya daidai, rawaya idan akwai damuwa amma an san mafita, ja idan akwai matsala kuma ba a san mafitarta ba tukuna. An hana raɗa a gefe, an hana duba waya, an hana yi wa abokin aiki ba'a. Matsalar da ke bukatar doguwar muhawara kuwa sai a kai ta wani zama na dabam.

Makonni suka wuce ana zama, amma duk allunan kore ne shar. Ku duba wannan abin mamaki, jama'a. Kamfanin da ya shekara 60 yana tinƙaho da lissafi, wanda Deming da kansa ya koyar da shi, yana zubar da dukiya kamar ruwa, amma babu shugaban sashe ko ɗaya da ke da matsala. Mulally ya tunatar da su girman asarar da ke tafe, ya tambaye su ko da gaske babu abin da ba ya tafiya daidai. Kowa ya yi shiru, domin sun san a gidan nan wanda ya ɗaga ja yakan tattara kayansa.

Wanda ya fara karya wannan shiru shi ne Mark Fields, shugaban harkokin kamfanin a nahiyar Amurka. Ana gab da fitar da sabuwar mota mai suna Edge daga masana'antar Oakville ta ƙasar Kanada sai aka gano wata matsala a jikinta. Fields ya dakatar da fitar da motar, ya zo taron Alhamis da allo ja. Ɗakin ya yi tsit, kowa yana jiran ya ga yadda za a yi da shi. Sai Mulally ya shiga tafa masa, ya yaba masa a kan bayyana gaskiya, sa'an nan ya tambayi sauran shugabannin ko wa zai iya taimakawa. Nan take wasu suka yi tayin turo injiniyoyinsu. Duk da haka sauran ba su saki jiki ba sai da suka ga Fields ya komo mako na gaba yana nan a kujerarsa. Daga nan ne alluna suka fara cika da ja da rawaya, shugaba kuwa ya fara ganin kamfaninsa yadda yake.

Kada a ɗauka tafi kaɗai ya ceci Ford. A ƙarshen 2006 kamfanin ya jinginar da kusan duk kadarorinsa, har da tambarinsa, ya ranto fiye da dala biliyan 23. Ya rufe masana'antu da dama, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Ya sayar da Jaguar da Land Rover ga kamfanin Tata na Indiya a 2008, ya sayar da Volvo ga Geely na ƙasar Sin a 2010. Amma waɗannan shawarwari masu ɗaci ba sa yankuwa daidai sai da sahihan alƙaluma. A 2009, shekarar da General Motors da Chrysler suka shiga kotun fatara, Ford ya ci ribar dala biliyan 2.7, a 2010 kuma dala biliyan 6.6. Da Mulally ya yi ritaya a 2014, Fields ɗin nan mai jan allo shi aka ba kujerar, ya riƙe ta har 2017.

Idan alƙalami ya zama bulala

Domin mu ga ɗaya fuskar, bari mu bar motoci mu leƙa wani banki, har yanzu dai a Amurka. Bankin Wells Fargo ya ɗora wa ma'aikatansa adadin sababbin asusu da katunan da za su buɗe wa abokan ciniki, yana burin kowane gida ya mallaki hajojin bankin 8. Ana bibiyar adadin kullum, wanda ya gaza kuwa aikinsa yana cikin haɗari. Da ma'aikata suka ga ba za su iya cikawa ta halal ba, sai suka riƙa buɗe asusu da sunan mutane ba da saninsu ba. A watan Satumba na 2016 hukumomi suka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka bayyana cewa an kori ma'aikata wajen 5,300 a kan wannan aika-aika. Shugaban bankin, John Stumpf, ya sauka a watan Oktoba. A 2017 bincike ya kai adadin asusun da ake zargi zuwa miliyan 3.5, a 2020 kuma bankin ya amince ya biya dala biliyan 3.

Babu mai cewa wannan banki ba ya aiki da alƙaluma. Matsalar ita ce an mai da adadi bulala. Tun a 1975 masanin tattalin arziki Charles Goodhart, wanda ya yi aiki da Babban Bankin Ingila, ya lura cewa ma'auni yakan lalace da zarar an mai da shi abin tilasta wa mutane. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: ma'aikatan sun yi laifi, amma waɗanda suka kafa adadin da ba ya cikuwa su ne suka share hanya.

Masu bincike ma sun tabbatar da wannan. A shekarun 1990 Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta yi nazarin kurakuran ba da magani a asibitoci, sai ta tarar rukunonin da suka fi kyakkyawan shugabanci su ne suka fi yawan kurakurai a rubuce. Da ta zurfafa sai ta gane cewa su ne suka fi sakin jiki su faɗi kuskurensu, sauran kuwa binnewa suke yi. Kamfanin Google, wanda duk sana'arsa tara bayanai ce, ya fara nazarin rukunonin ma'aikatansa 180 a 2012, ya kuma gano cewa babban abin da ya bambanta rukuni mai nasara shi ne kowa yana iya magana ba tare da fargabar wulaƙanci ba.

Kunya, ladabi da gaskiya

Wani zai ce wannan labarin Amurkawa ne, mu kuwa tarbiyyarmu dabam take, ƙarami ba ya kallon idon babba ya ce masa aiki ya ɓaci. Wannan magana tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. A 1974 aka buga laccar Anthony Kirk-Greene a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, inda ya lissafa halaye 10: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Kunya da ladabi suna ciki, amma gaskiya da amana su ne a gaba. Akawun da ya ga kuɗi suna zurarewa ya yi shiru don kunyar maigida, ya kiyaye hali ɗaya ya tozarta biyu.

Harshenmu ya tanadi hanyoyin faɗa wa babba magana mai ɗaci ba tare da an ci mutuncinsa ba. Ana cewa ranka ya daɗe, a nemi gafara, sa'an nan a faɗi abin da ke akwai. Hasali ma alƙaluma suna sauƙaƙa wannan, domin ƙaramin ma'aikaci ba ya bukatar ya ce shugaba ya yi kuskure, allo kawai zai nuna. Nauyin da ya rage yana kan babba, watau yadda zai karɓi maganar. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Matakan gina al'adar

Daga abin da ya gabata za mu iya tsamo matakai, waɗanda za su yi amfani ga kamfani babba ko ƙarami, har ma da ma'aikatar gwamnati da ke aika rahoton wata-wata.

Na farko, a zaɓi ma'aunai kaɗan waɗanda suka shafi ainihin manufar aiki, a kuma yi ittifaƙi a kan ma'anar kowanne. Idan sashen ciniki yana ƙirga kayan da aka ba da bashi a matsayin an sayar, sashen kuɗi kuwa ba ya ƙirgawa sai an biya, to za a ɓata taro ana gardamar wane ne mai gaskiya. Littafi ɗaya ya kamata kowa ya riƙa dubawa.

Na biyu, a tsayar da lokacin zama wanda ba ya tashi, kuma shugaba ya halarta da kansa. Mun ce al'ada komowa ce. Taron da ake kira sai an ga dama, ko sai gobara ta tashi, ba ya gina komai.

Na uku, mai aiki shi zai kawo adadin aikinsa, kuma a nemi bayani daga waɗanda suke ƙasa, direba da mai sito da mai karɓar kuɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan yana bukatar a koya wa ma'aikata karanta jadawali, su san bambancin hawa da saukar da aka saba gani da canjin da ke nuna wani sabon abu ya faru.

Na huɗu, wanda shi ne ginshiƙi, shugaba ya lura da abin da zai yi ranar da aka fara kawo masa jan allo. Dukan ma'aikata suna kallo, kuma abin da ya sami mutumin nan shi ne dokar da za su bi, ko mene ne aka rubuta a takardar umarni. Tambayar farko ta kasance me ya jawo, wa zai taimaka. Wannan ba ya nufin a ƙyale sakaci ko sata. Hukunci yana nan, amma mafi tsananinsa ya hau kan wanda ya ɓoye ko ya murɗe adadi.

Na biyar, a yi hattara wajen ɗaure albashi ko ƙarin girma da adadi guda. Idan an auna yawa, a auna inganci tare da shi. Da bankin nan ya riƙa duba asusu nawa ne ake amfani da su, da kuma koke nawa ke shigowa, da asirin ya tonu tun da wuri.

Na shida, a riƙa zuwa ana gani da ido. Mutanen Toyota sun shahara da wannan ɗabi'a ta tashi daga ofis a je inda ake aikin. Gani ya kori ji, kuma shi ne yake nuna ko abin da ke takarda ya dace da abin da ke ƙasa.

Kammalawa

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinku za ku fara aiki a matsayin masu cika fom da haɗa rahoto, kuma za ku gamu da ranar da za a so ku gyara adadi don a faranta wa wani rai. Ku tuna cewa a kan adadin nan za a yanke shawarar da ta shafi abincin mutane. Ku kuma manyan ma'aikata, ku ne masu karɓar rahoto, ku ne masu kafa al'ada ko kun sani ko ba ku sani ba. Idan kun shekara kuna karɓar rahoto daga sassanku babu wanda ya taɓa nuna matsala, to ya kamata ku binciki dalili tun kafin masu binciken kuɗi su zo su bincika muku. Ford ya sami gwanayen lissafi tun 1946, amma sai da wani shugaba ya tafa wa mai kawo mummunan labari kafin lissafin ya yi masa cikakken amfani.

 Allah ya sa mu zama masu faɗin gaskiya, masu kuma iya jin ta.